Safar Ulu a Ƙarƙashin Dandamali

Saura minti ashirin a fara gwajin ƙarshe, teburin fitilu ya daina jin magana.

Wiebke Carstensen ta tura maɓalli na ɗaya sama. Ko ƙyas. Ta tura na biyu, na tara, ta haɗa goma ta tura da gefen hannu. Gilashin tebur na nuna komai lafiya lau, lambobi na hawa suna sauka, amma dandamali na nan yadda masu shara suka bar shi, da ƙwan fitila guda a tsakiya.

Wata shida ke nan tana aikin gwaji a wannan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na bakin teku, tun da tsoho Ekkehard, mai kula da fitilu, ya yi ritaya ya koma kiwon zuma. Ranar Juma'a wa'adin zai cika. Ko a sa hannu a takardarta, ko ta koma Kiel ɗakin ƙanwarta, ta ci gaba da kwana a kujera.

Darakta, Herr Lüders, ya leƙo da burodi da kifi a hannu.

"Me ya sa nake ganin duhu, Frau Carstensen?"

"Saboda akwai duhu."

"Ƙarfe sha ɗaya labule zai tashi. In bai tashi ba, akwai wani a Flensburg da ya dame ni da waya tun bazara, yana neman aikinki." Ya gatsa burodin. "Ba barazana nake yi ba. Labari nake ba ki."

Ya fita ya bar mata warin albasa.

Ta bi abin daki-daki. Babban maɓallin da ke riƙe da sauran duka yana sama. Wanda ke kashe komai lokaci guda ba a danne yake ba. Ta danna ta saki don ta tabbatar. Ta kashe teburin, ta ƙirga goma, ta kunna. Minti biyu ya ci kafin ya farka, ya farka kuma da taurin kansa. Ta zagaya baya, ta zare wayar da ke kai umarni zuwa fitilu, ta soka ɗan abin gwajinta a ramin. Ya kawo koren haske. Ashe tebur na magana, a hanya maganar ke ɓata.

Saura minti goma sha uku. Ta ɗauki tocila ta bi wayar.

Wayar ta sauka ta bango, ta bi gefen kujeru, ta nutse a ƙarƙashin dandamali. A bakin matakala Wiebke ta yi karo da Herr Feddersen, babban ɗan wasan gidan, shekara sittin da takwas, sanye da rigar kyaftin ɗin jirgi da takalmin wanka.

"An ce fitilu sun mutu," in ji shi. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir.

"Suma suka yi."

"Kada ki matsa wa kanki, 'yata. A hankali. Gaggawa ba ta da kyau ga lantarki."

Kowa a gidan ya san larurarsa. Herr Feddersen ya yi imani, kamar yawancin tsofaffin sana'ar, cewa idan gwajin ƙarshe ya tafi sumul, ranar buɗewa za a ji kunya. Sati uku ana gwaji ko cokali bai faɗi ba. Tun Litinin ya daina cin abinci, jiya ma an ji shi yana tambayar lokacin jirgin ƙasa.

Ƙarƙashin dandamali sai da rarrafe. Ta wuce tsofaffin takubban katako da rabin doki, har ta isa ƙaramin akwatin da ke rarraba umarni ga fitilu. Yana da wuta. Ramin da babbar waya ke shiga kuwa fayau.

Wayar na rataye a ƙusa, an naɗe ta tsaf. An sa wa kanta 'yar safar ulu, ja da fari, daidai wa daida.

Taku biyu daga nan akwai wasu ƙafafu cikin takalmin ɗaki. Na Frau Ahlers ne, mai raɗa wa 'yan wasa magana idan sun manta. Shekara talatin da ɗaya tana zaune a akurkinta na bakin dandamali, kai a sama, ƙafafu a ƙasa, littafin wasa a gaba, saƙa a cinya.

Wiebke ta ƙwanƙwasa takalmin da tocila. Tsohuwar ta sunkuyo.

"A'a, har kin iso? Ekkehard sai ya yi rabin awa."

"Frau Ahlers, wayata ta yi sanyi ne?"

"Ƙura. Ekkehard ba ya son ƙura ta shiga kan. Ungo alewa."

"Tun yaushe kuke wannan?"

"Tun kina tsumma. Ni in zare, shi ya yi ta zagaye da tocila yana tsaki, darakta ya yi ihunsa, a makara da rabin awa. Okke Feddersen ya samu ɓarnarsa, ya ci abinci, gobe ya yi wasa kamar saurayi. Wa aka cuta?"

"Ni. Ekkehard ba mai iya korarsa. Ni Juma'a ce da ni."

Frau Ahlers ta ƙirga idon saƙarta kafin ta amsa. "Lüders baki ne kawai."

"Bakin ne ke sa hannu?"

"To ki ji. In kin mayar da wayar nan yanzu, an fara a kan lokaci, komai ya tafi daidai, Okke ba zai hau dandamali gobe ba. Na san shi tun yana da gashi. In babu wasa, fitilar wa za ki kunna?"

Wiebke ta duba agogo. Saura shida. Tsohuwar ba ƙarya take yi ba, abin haushin ke nan.

Ta ɗaga tocila tana tunani, hasken ya faɗa kan 'yar fitilar da ke saman littafin Frau Ahlers. Ta bi siririyar wayarta da ido har inda ta shiga. An manna mata farin tef, da rubutun Ekkehard: 47, lambar maɓallinta a teburin fitilu.

"Herr Feddersen ya haddace doguwar maganarsa ta kashi na uku kuwa?"

"Okke? Bai taɓa haddace abin da ya wuce layi huɗu ba. Ni ce kansa."

"Ke kin haddace?"

"Me zai sa? Ga littafi." Ta tsaya da saƙa. "Me ya kawo tambayar?"

"Ba komai."

Wiebke ta zare safar ta sa a aljihu, ta soka wayar har sai da ta ji ƙas. Ta karɓi alewar ma.

Sha ɗaya saura minti ɗaya ta tura maɓalli na ɗaya. Asuba ta keto a kan jirgin katako. Herr Lüders ya dubi agogonsa, ya dubi taga inda take zaune.

Kashi na ɗaya ya wuce babu tangarɗa. Na biyu ma haka. Daga sama Wiebke na ganin Herr Feddersen yana ƙara yin fari, yana waige-waige kamar mai jiran baƙon da ya yi alkawari.

A kashi na uku ya tako gaban jirgi, hadari ya haɗu a bayansa, shuɗi da toka, aikin da ta kwashe sati biyu tana gyarawa. Ya buɗe hannuwa. Ya faɗi layi huɗu da muryar da ta cika ɗakin. Ya ɗan karkata kunne wajen akurki.

Wiebke ta sa ɗan yatsa ta jawo maɓalli na arba'in da bakwai ƙasa.

Daga kujerun 'yan kallo ba abin da ya canza. Kyaftin dai na tsaye da hannuwa a buɗe, baki a buɗe. Shiru ya yi tsawo. Aka ji shafuka na karkarwa a akurki, aka ji dunƙulen ulu ya faɗi ya gangara. Sai wata murya, ba raɗa ba, ta ce, "Ka faɗi wani abu mana, tsohon banza."

"Teku," in ji Herr Feddersen. Ya yi tunani. "Teku dai... da ruwa."

Matuƙan jirgi shida da ya kamata su durƙusa suna kuka suka kife da dariya. Herr Lüders ya miƙe, ya jefar da takardunsa, ya yi ihu na minti bakwai cif. Ya ambaci shekarun Feddersen, da idon Frau Ahlers, da ranar da ya zaɓi wannan sana'a. A tsakiyar ihun Wiebke ta mayar da arba'in da bakwai inda yake.

Da aka tashi ta sauko ta tarar da Herr Feddersen a ɗakin cin abinci, gabansa faranti biyu na dankali da kifi.

"Kin gani?" Ya kama hannunta da hannu mai maiƙo. "Ban taɓa tozarta haka ba. Gobe za a sha kallo."

Herr Lüders ya wuce su da kofi, har yanzu kunnuwansa ja.

"Duk gidan nan mutum ɗaya ne ya san aikinsa," ya ce, bai tsaya ba. "Ki biyo ofis Juma'a, Frau Carstensen. Ki zo da biro, nawa ya ƙare."

Frau Ahlers na zaune a ƙuryar tebur tana warware ulun da ya cukurkuɗe. Ba ta ɗago ba.

"Fitilata ta ɗauke ɗazu."

"Ƙura ce," in ji Wiebke. "Zan duba."

"Safata fa?"

"Tana kan maɓallin arba'in da bakwai. Ta zauna daidai."

Tsohuwar ta ja zare, ta ciza ƙarshensa.

"Wasan Kirsimeti," ta ce, "ki bari in kai layi na shida kafin ki kashe fitilar. Akwai inda ya fi daɗin tsayawa."