Bindiga Mai Ƙaramin Baki

Ƙwayar dawa guda ɗaya ce ta maƙale a tsagar teburin kantin. Jinjiri ya zaro ta da yatsu ukun da suka rage masa a hannun hagu, ya jefa a bakin bindigar farko. Ta shige daidai, kamar don ita aka huda ƙarfen. Ya zazzage ta ya jefa a bakin ta biyun, sai ta yi ta rawa a ciki. Iyakar bambancin da idonsa ya gani ke nan. A can gida Ruma da ƙaramin yatsa maharbi ke auna bakin bindiga, kuma waɗannan biyun babu wadda za ta haɗiye ko farcensa.

Shekara biyu ke nan da bindigar tokarsa ta fashe masa a hannu cikin dajin Rugu, ta tafi da yatsu biyu da jin kunnen hagu. Yana kwance yana jinya matarsa Asta ta sa aka kira liman, ya dafa Alƙur'ani ya rantse shi da albarushi har abada. Tun daga nan, in an fita farauta, cikin masu kora yake tafiya da sanda a hannu, yana bugun sabara yana tayar wa wasu nama. Shi ɗan Mani, wanda ubansa ya mutu ba a taɓa ganin ya dawo daga daji da jaka a bushe ba. Da ya ji labarin an kawo wa kantin sayen gyaɗa na Safana bindigar da ba ta cin albarushi, da iska take harbi, sai ya je ya tambayi liman. Liman ya ce rantsuwarsa a kan albarushi take, iska ba ta ciki. Ya sayar da gyaɗarsa ta bana, ya karɓo takardar izinin bindiga daga En'e, ya kamo hanya.

Akawun kantin, Yusha'u, tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, mai magana a hankali kamar mai jin barci. Ya karya bindigar a gwiwa ya nuna masa yadda sifirin ke danƙarewa a ciki, da fatar da ke tura iska, da 'yar darmar da ake sawa guda ɗaya tak. Ya ce jikinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, baki ne kawai ya raba su. Ta ƙaramin baki, lamba ɗaya, harsashinta mara nauyi ne, yana tafiya a miƙe kuma da nisa, amma huda yake yi ya wuce. Ta babban baki, lamba biyu, harsashinta nauyi gare shi, bayan taku talatin yakan fara sunkuyawa, sai mutum ya koyi ɗaga mata baki. Amma abin da ya sama, a nan yake barin ƙarfinsa duka.

Jinjiri ya ce maharbi ba ya sayen bindiga da kunne, balle shi mai kunne ɗaya. Suka zagaya bayan kanti, Yusha'u ya aje tsohuwar garwar kananzir gindin dalbejiya. Jinjiri ya fara da babbar. Wani ɗan ƙaramin sauti ta yi, garwar ta girgiza ta lotsa, darmar ta huda gefe ɗaya ta tsaya a ciki tana ƙara. Da ya harba ƙaramar, sai ta yi tsawa siririya wadda har mataccen kunnen Jinjiri ya ji kamar ta taɓa shi. Ya je ya ɗaga garwar ya duba: ta shiga nan ta fita can, hasken rana na ratsa hudojin biyu.

Haka ubansa ya koya masa gwada bindiga, a jikin tsohon ƙyaure. Wadda ta fasa ta wuce ita ce namiji.

"Malam, garwa ba ta da fuka-fuki," in ji Yusha'u. "In kurciya da hasbiya kake so, ɗauki ƙaramar. In zabon daji ne, wannan sai dai a ka. Ka same shi a jiki, zai tashi da ita."

Jinjiri ya yi murmushi, ya ce shekara ashirin yana harbin zabi. Yusha'u ya naɗe masa ƙaramar cikin buhu, ya haɗa masa da gwangwanin harsashi.

A wurin maharban Ruma, sabuwar bindiga ba ta shiga sahu sai an kai jininta na farko ƙofar Sarkin Baka. Mai ita zai fita shi kaɗai, abin da ya fara harbowa ya yanka shi da ransa, ya kawo. Sarki ya ci, ya sa wa bindiga albarka. Idan kuwa naman ya tsere da rauni ya mutu a daji ba yanka, an ce bindigar ta buɗe baki da mushe, ba ta ƙara bin maharba. Sarkin Baka Barau ya tsufa, idonsa ya yi hazo, amma shi da Mani tare aka yi musu kaciya, kuma shi ya fara ɗora wa Jinjiri bindiga a kafaɗa.

Kwana goma Jinjiri yana harbin ɓawon ƙwarya a bayan gida. Taubashinsa Gambo, shi ma maharbi, kullum sai ya leƙo ta kan danga. Ya sa wa bindigar suna Mai Tari. Ya ce da wannan abin gara a aiki zabon da saƙo ya zo gida da kansa. Ya ce in harsashi ya ƙare Asta ta ɗebo masa tsakin dawa a madafi. Asta ta kan yi dariya a bakin murhu, ita dai tunda babu warin albarushi a ɗakinta hankalinta kwance. Da safen da zai fita ta ce ya harbo ko kurciya ce mana, ai jini jini ne. Ya ce ɗan Mani ba zai kai wa Sarki kurciya ba.

Hantsi bai ɗaga ba ya iske garken zabi a bakin wata fadama suna tsattsagar ƙasa. Ya ja ciki har ya rage taku ashirin. Babban cikinsu ya zaɓa, ya yi bisimilla. Kan zabon ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma yatsu uku ba sa riƙe bindiga ta zauna. Hannunsa da ya saba da bindigar toka mai watsa harsashi ya sauko da bakin zuwa ƙirji, inda ya saba. Ya ja kunama.

Gashi ya tashi. Zabon ya faɗi gefe, ya miƙe, ya buga fuka-fuki ya haye saman geza ya yi yamma.

Jinjiri ya bi da wuƙa a hannu. Ɗigon jini nan ɗaya a kan ganyen kalgo, sai taku arba'in kafin wani. Ya yi azahar da taimama, ya koma kan sawu. Ƙaya ta yage masa ƙafar wando. Sai da la'asar ta yi sanyi ya gan shi ƙarƙashin wani marke, kwance da ƙafafu a miƙe. Kiyashi sun riga sun yi layi zuwa idonsa. Ya ɗaga fiffiken ya ga 'yar huda ƙarama, ya juya ya ga 'yar'uwarta a ɗaya gefen, kamar na garwar nan.

Ya daɗe a tsugune. Ya tuna sandar kora da ke jingine bayan ƙofar ɗakinsa. Ya duba gabas ya duba yamma, babu kowa sai kukan kurciya. Ya karkaɗe kiyashin, ya fuskantar da zabon alƙibla, ya sa wuƙa. Bakinsa ya buɗe zai ambaci sunan Allah, ya rufe shi. Wuƙar ta wuce, jini bai zubo ba, sai wani ɗan baƙi-baƙi da ya tsaya a bakin yankan.

Ya iske maharba biyar zaune a ƙofar Sarkin Baka kafin magariba. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi daji, aka tambayi gajiya. Ya durƙusa ya aje zabon a kan buzun tsohon, bindigar a gefensa. Gambo ya zaro ido ya ce ashe Mai Tari tana da haƙori, ya janye abin da ya faɗa, rabi dai. Aka yi dariya, ana ta barka.

Barau ya jawo zabon kan cinyarsa. Ya auna nauyinsa a tafi, ya shafa ƙirjin, ya lanƙwasa ƙafar da ta ƙi lanƙwasuwa. Sannan babban yatsansa ya bi yankan wuyan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Ya murza yatsun nasa, ya kai su kusa da hanci. Jinjiri yana kallon ƙasa, amma ya ga wannan. Da dariyar mutane ta lafa, tsohon ya ɗago kai.

"Ɗan Mani, ka sha tafiya yau," ya ce.

"Na sha, Baba."

Barau ya gyaɗa kai. Ya juya wajen zaure ya kira matarsa Larai, ya ce ta zo ta karɓa ta fige. Muryarsa ba ta canza ba da ya ƙara da cewa, "Ni kaɗai zan ci. Kada a ba yara ko romo."

Gambo ya ce Sarki rowa ta zo da tsufa, aka sake dariya. Tsohon ya miƙa hannu yana laluben bindigar don ya sa mata albarka. Daga cikin gida ana jin takun Larai tana tahowa.

Jinjiri ya dubi bakin tsohon, haƙora huɗu ne suka rage a ciki, bakin da ke tashi da salati tun kafin a haife shi. Ya matsa a kan gwiwoyinsa ya janye bindigar daga ƙarƙashin hannun da ke nemanta. Ya ɗauke zabon daga cinyar Barau, ya riƙe shi ta ƙafafu. Tsohon bai hana shi ba.

Larai ta fito da ƙwarya a hannu ta tsaya. Gambo ya fara kiran sunan Jinjiri, Barau ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Jinjiri ya sa takalmansa, ya bi ta gefen danga, ya ɗauki hanyar da ke fita bayan gari.