Ranar da Muka Ɗauko Baban Lungi

MaNgubane tana durƙushe a tsakar gidan da yanzu ba nata ba, tana jan reshen magaryar kura a ƙasa, magina sun jingina da cebur suna kallonta. Ni ina tsaye a bayanta riƙe da jakarta.

"Baban Lungi, ni ce, matarka," ta ce da ƙasar. "Na zo in tafi da kai. Tashi ka hau."

Daidai wurin nan mijinta ya yanke jiki ya faɗi shekarun baya, yana ba alayyafonsa ruwa. Mutumin da ya sayi gidan ɗakunan haya yake ginawa, kuma washegari za a zuba kankare a wurin.

"Gogo, ku ɗan hanzarta, ma'aikata suna jira," in ji shi, don haka ake kiran tsofaffin mata a nan.

"Su jira," na ce. "Da mai gida take magana, ba da kai ba."

Dole ni zan amsa. A al'adarmu, wanda ya ɗauko ruhin mamaci a reshe ba ya waiwaye, ba ya magana da kowa sai shi, har a shiga gida. In ya kuskura ya amsa wa wani, mamacin ya sauka ke nan, ya ɓace a titi, babu mai sake samo shi. Aikin namiji ne, amma mazan gidan Hlongwane, dangin mijinta, duk sun ƙare. Shi ya sa ta nemi rakiyata. Ta ce in mutum zai yi shiru, gara ya tafi da mai bakin mutum biyu, kuma duk unguwarmu ta Protea Glen ba ta ga kamata ba.

Maƙwabciyata ce, ko shekara ba ta cika ba. 'Yarta Lungi, ma'aikaciyar jinya, ita ta zaɓi unguwarmu bayan ta zaga rabin Soweto. Ina leƙe ta labule ranar da ta zo duba gidan da ke jikin nawa. Ta buɗe kowane famfo, ta sa aka hau rufi, ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ɓarayi, da wuta, da nisan asibiti. Na gaya mata komai, har da wanda ba ta tambaya ba, kamar dalilin da matar gidan da ke kan kwanar layinmu ta daina gaishe da mai gyaran mota. Sai suka sayar da tsohon gidansu na unguwar Zola, banki ya cika sauran. An kwaso firiji, an kwaso kabad, har tsohon keken ɗinki. Uban kaɗai aka bari. Cocin su Lungi ba sa yarda da zancen reshe.

Tun daga nan MaNgubane ta fara ramewa, ƙafafu suna kumbura. Likita ya ce zuciya ce. Ita kuwa ta ja ni gefe ta ce, "MaSithebe, gidan nan ba kowa a cikinsa. Ba a taɓa haihuwa ba, ba a taɓa mutuwa ba. In na tafi a nan, wa zai tarbe ni? Shi kuma yana can tsaye cikin baƙi, yana jin yaren da bai sani ba." Da labarin kankaren ya iso mana, muka jira Lungi ta tafi aiki muka sulale.

Ta miƙe da ƙyar, reshen a ƙirjinta, muka fito.

"Baban Lungi, ga ƙofa, mun fita. Ga titi, za mu haye. Ka bi ni a hankali, motocin yanzu ba kamar na da ba ne."

A tasha na biya kujera uku. Muka zauna, ita a jikin taga, ni a bakin hanya, tsakaninmu fili. Wani saurayi da waya toshe a kunne ya shigo zai zube a wurin.

"Akwai mutum," na ce.

"Ina yake, Gogo?"

Wani dattijo a baya ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa reshen. Yaron ya yi tsalle kamar ya taka wuta, ya koma can ƙurya. Dattijon ya cire hularsa. Direba ya kashe kiɗa. Ban taɓa shiga motar haya da ta yi shiru haka ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na tattare siket ɗina kada ya taɓa kujerar tsakiya. Ban san mutumin ba yana raye, ban ga dalilin da za mu fara gogayya yanzu ba.

Muna tafe tana faɗa masa hanya. Ga kantin da ya ƙone, ga filin ƙwallo, ga gada. Can sai na ji muryar tana tsinkewa. Na juya. Gumi ya jiƙe mata ɗankwali, leɓɓanta sun yi fari-fari kamar toka, hannu ɗaya riƙe da reshe, ɗayan ya damƙe rigarta ta wajen hagu. Ƙaya ta soke ta a yatsa, jini yana bin hannun, ba ta ma sani ba.

"Ƙawata, mene ne? Ƙirjin ne?"

Ba ta dube ni ba.

"Ki gyaɗa kai kawai. Gyaɗa kai ai ba magana ba ce."

Ko wannan ba ta yi ba. Na hango kaina a ofishin 'yan sanda ina bayanin yadda na saci tsohuwa mai ciwon zuciya. Na hango fuskar Lungi. Ga shi kuma mun doso ƙaramin asibitin da ke bakin titi, ina ganin ƙofarsa.

"Direba, tsaya a asibitin nan."

Ya rage gudu. Sai MaNgubane ta sunkuya kan reshen, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Baban Lungi, nan asibiti ne. Ba nan za mu sauka ba. In na shiga, suna za su tambaye ni, in amsa, in bar ka a bakin kwata. Ka gaya wa matar nan ta kusa da kai ta zauna. Ka yi haƙuri da ita, haka Allah ya yi ta."

Wata mata a gaba ta toshe bakinta, ban sani ba dariya ce ko kuka. Direba ya dube ni ta madubi.

"Gogo, in tsaya ko in wuce?"

Duk motar ni ake kallo. Na dubi hannunta a kan reshen.

"Wuce," na ce. "Amma ka taka."

Bai sauke mu a tasha ba. Ya bar hanyarsa ya kai mu har bakin layinmu, babu wanda ya yi ƙorafi. Daga nan na saƙala hannunta a wuyana, nauyinta duka a kaina, muna taku ɗaya muna hutawa.

"Baban Lungi, ka lura, gidajen nan duk iri ɗaya ne. Namu mai koren ƙyaure. Kada ka shiga na kusa da shi, ba za ka samu barci ba."

A bakin ƙyauren Lungi ce tsaye da kayan aikinta. Wata ta buga mata waya, unguwar nan ba ni kaɗai ce mai baki ba. Ta taho da gudu, ta kama wuyan hannun uwar, ta ɗaga mata fatar ido.

"Mama, tun yaushe? Ina ne yake ciwo? Kin sha ƙwayarki?" Ta juyo kaina. "Ke kuma, da girmanki, kika bari?"

"Ba za ta amsa miki ba sai an shiga," na ce.

"Mama, ni ce. Ki yi mini magana." Ta ciro waya tana kiran motar asibiti. Ta tsaya a tsakiyar ƙofa, ta tare hanya. "Ba za ki ƙara taku ɗaya ba. Ki zauna nan."

MaNgubane ta tsaya, tana tangaɗi a jikina.

"Baban Lungi, ga 'yarka. Ita ta saya mana gidan. Ta duba rufi, ta duba famfo, ba ta bar komai ba. Gida ne mai kyau, za ka gani. Ka roƙe ta ta ba mu hanya."

Lungi ta daɗe tana kallon reshen. Ina jin muryar wani a wayar yana ta tambayar lambar gida. Sai ta matsa gefe, ta tura ƙofar da bayanta.

"Shigo, Baba," ta ce a hankali. "Ka kula da dakalin."

Uwar ta zaga da shi falo da kicin, ta nuna masa ɗakinta. Hannunta bai kai saman ƙofar ba, Lungi ce ta karɓi reshen ta soke shi a can. Sannan muka zaunar da ita a kujera. Ta sauke numfashi, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, yanzu ku tambaye ni," ta ce. "Amma a fara da shayi."

Na shiga kicin na ɗora ruwa. Kafin ya tafasa na ji Lungi ta daina tambaya. MaNgubane ta cika a kan kujerar.

Motar asibiti ta zo ta koma ba kowa. Mata suka fara taruwa a waje, ana ta jan kujeru. Ni ban san abin da zan yi da hannuwana ba, sai na ɗauko tsumma da bokiti, don takalman MaNgubane sun bar jar ƙasa a kan farin daɓen, tun daga ƙofa, ta kicin, har gindin kujera. Lungi tana zaune a ƙasa tana kwance wa uwar igiyar takalmi.

"Bar shi tukuna, Mama MaSithebe," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na ajiye bokitin. Duk matar da ta shigo sai ta dubi ƙasa, ta raɓa ta gefe.