Tarin Bayan Labule

"Fazilat, ki ja ta ku tafi," in ji Ustad Meraj Din daga kan gado. "Yau ce ranar mata a sinima, gobe za a sauke fim ɗin."

Matarsa Nawab Bibi ta ƙi ko ɗaga kai. "In bar ka a haka, in je kallon auren masu kuɗi?"

"Ni za ki je ji, tsohuwa. Shekara da shekaru ina goge, ba ki taɓa jina a gaban jama'a ba."

Fazilat maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya, a wani lungu na Lahore. Ta san lokacin da fim ya fara magana, aka riƙa ɓoye makaɗa a bayan labule ana ɗaukar sautinsu tare da na 'yan wasa, Ustad kuwa na cikinsu. Ta kuma san abin da likita ya faɗa jiya, cewa kwanan Ustad ya kusa ƙarewa. Duk da haka ta miƙa wa tsohuwar mayafi. Ɗan Ustad ya zauna da mahaifinsa.

A allo, wata amarya cikin gwala-gwalai ta juya wa angonta baya a wani makeken falo, shi kuwa yana ta ba ta haƙuri. Sai goge ya taso a hankali, kamar mai rarrashin jariri. Nawab Bibi ta damƙe hannun Fazilat.

Ana tsaka da haka, sai ga tari daga bayan labulen falon, busasshe, na tsoho. Ai kuwa mata suka kwashe da dariya.

"Shi ne," in ji Nawab Bibi, tana dariya hawaye na zuba. "Ranar da aka ɗauki wannan na ce ya ɗaura gyalensa a wuya, ya ƙi. Taurin kai kamar me."

"Yaya, mu tsaya a ƙare?" in ji Fazilat.

"Na ji abin da na zo ji. Tashi."

Keken doki bai gama tsayawa ba Fazilat ta hango takalman maza jere a ƙofar gidan. Nan take ta gane Ustad ya cika, ta ji ta tsani kanta da ta fitar da matar nan.

Nawab Bibi ba ta yi kururuwa ba. Ta ratsa mutane, ta ciro gyalen daga ƙusa, ta zauna a bakin gadon.

"Na ji ka, Ustad," ta ce a hankali. "Har tarin."

Ta naɗa masa gyalen a wuya, ta gyara bakinsa.