Faifai Ɗaya Don Mbah Sarpin

A garin Purworejo, a shekarun da faifan bidiyo ya kori kaset daga kasuwa, akwai wata yarinya mai suna Ratri da yayanta Gunadi, wanda take kira Mas Gun. Suna zaune da mahaifiyarsu a wani ɗan gida bayan tashar mota. Mas Gun yana da tsohuwar kwamfuta da ya harhaɗa da kansa, wadda ke gurnani kamar injin markaɗe in an ba ta aiki mai nauyi. Kakansu kuwa, Mbah Sarpin, manomin shinkafa ne a wani ƙauye can kan tudu, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne rabin wani fim.

Fim ɗin tsoho ne, labarin wani mai fito da ya bi kogi yana neman ƙaninsa. Kamar kowane dogon fim na lokacin, a faifai biyu ya zo. Da kakarsu mace tana da rai, ita ke tashi ta sauya faifai in na farko ya ƙare. Bayan rasuwarta, da shinkafa ta fara nuna, Mbah ya tattara matattun faifai kamar yadda kowane manomi ke yi, ya zira musu igiya, ya rataye a gona don ƙyallinsu ya kori tsuntsaye. Faifai na biyu ya bi su cikin kuskure. Rana da ruwan sama suka cinye shi. Tun daga nan, kullum mai fiton yana isa ƙarƙashin wata gada, ya buɗe baki zai yi kira, sai allo ya koma shuɗi.

"Amma ai kun sha kallonsa da Kaka," in ji Ratri, daren da ya kawo musu shinkafar bana. "Ka san ƙarshen."

"Ina na sani? Barci ke sace ni a faifai na biyu. Da safe kakarku ta ba ni labari, kuma kowace safiya da irin ƙarshen da take faɗa. Yau ya sami ƙanin, gobe kada ta cinye su duka."

An daina sayar da fim ɗin, amma Ratri ta samo shi a shagon haya, faifan biyu cif. Shawararta ita ce a haɗe su a faifai guda, don kada a sake samun na biyun da zai tafi gadin tsuntsaye. Matsalar ita ce Mbah ba zai ƙara kwana ba. Ya bar kaji da awaki a hannun maƙwabci, kuma motar ƙarshe ta ƙauyensu tana tashi bayan la'asar.

Da gari ya waye, Mas Gun ya zaunar da ita ya yi mata bayani.

"Faifai kwando ne, fim ɗin nan kuma ya fi kwandon. Sai an matse shi. Abu biyu ne a ciki, hoto da murya, dole ɗaya ya rame. Wanne kika zaɓa, ranki ya daɗe?"

Ratri ba ta yi dogon tunani ba. Ta san idon Mbah ya yi rauni. "A bar masa hoton tas. A rage muryar."

Kwamfuta ta fara gurnani. Wani koren layi ya fito a allo, yana tafiya kamar dodon koɗi. Ratri ta zauna, ta tashi. Ta leƙa tasha ta taga, ta dawo. Mahaifiyarta ta aike ta sayen man gyaɗa, ta je da gudu ta dawo da gudu, ta tarar layin bai matsa da faɗin farce ba.

"Kallonki ba ya tura shi," in ji Mas Gun. "Je ki tsefe wa kyanwa kai."

"Tsohuwar akwalar nan taka ce ba ta da zuciya."

"Yi a hankali, tana ji. In ta yi fushi kwanciya take yi."

Gab da azahar layin ya kai ƙarshe. Sabbin faifai biyu suka rage a gidan. Mas Gun ya saka ɗaya, ya ce kada kowa ya taɓa tebur, don in na'urar kwamfutar na rubuta fim a faifai ko ɗan girgiza ɓata aikin yake yi. Ratri ta zauna kusa, ta riƙe numfashi. Sai dai ƙafarta ba ta ji gargaɗin ba. Tana ta kaɗawa, tana ta kaɗawa, har gwiwarta ta bugi ƙafar tebur. Na'urar ta yi ɗan tari, ta turo faifan waje.

Mas Gun ya ɗaga shi, ya duba, ya ajiye. "To, tsuntsaye sun sami sabon mai gadi."

Ratri ta ji hawaye na tahowa. Yayan nata bai yi mata faɗa ba. Ya ce tunda saura ɗaya, bari su fara kunna fim ɗin a kwamfuta su tabbatar kafin su taɓa shi.

Hoton ya fito da kyau, har ana ganin ɗigon ruwa a jikin filafili. Ratri ta fara murmushi. Sai daga bakin ƙofa, inda Mbah ke zaune da kofin shayi da soyayyen rogo, suka ji ya ce, "Wa ya tura mai fiton cikin tulu?"

"Wane tulu, Mbah?"

"Muryarsa mana. Kamar ya kwana da mura. Kuma ina kukan ruwan? A nan wurin ruwa yana dukan cikin jirgi, ana jin agwagi daga nesa."

"Zo ka ga hoton, Mbah. Dubi yadda ya fito."

Ya taso, yana bin bango da hannu, ya tsaya a gaban tebur. "Kai, ya yi kyau," in ji shi. Ratri ta ɗaga kai ta dube shi. Ba allon yake kallo ba. Idonsa na kan kalandar da ke rataye a gefen allon, kunnensa ne ya karkato wajen 'yar lasifikar.

Ratri ta dubi yayanta. Shi ma ya gani. Daga masallacin tasha aka kira azahar.

"Mas," ta ce a hankali, "in aka juya, a bar muryar a rage hoton, za a gama kafin motar?"

"Daga farko za a sake. Ko a gama, ko kada a gama."

"Sake."

Wannan jiran ya fi na safe tsawo. Ta ci abinci a tsaye. Ta naɗe wa Mbah kayansa, ta kwance, ta sake naɗewa. Duk motar da ta yi ham a tasha sai ta ruga taga. Mbah kuwa ya miƙe a tabarma yana tsokanarta, wai in ta ci gaba da zirga-zirga haka za ta haƙa rijiya a tsakar ɗaki, su huta da ɗibar ruwa.

Ana kiran la'asar layin ya cika. Mas Gun ya saka faifan ƙarshe, ya zaɓi rubutu mafi jinkiri. Ba wanda ya ce wa Ratri komai. Da kanta ta fita waje, ta zauna a dakali, ta rungume gwiwoyinta da hannu biyu. Tana jin yaron mota yana kiran sunan ƙauyensu, yana dukan jikin motar.

Da faifan ya fito, suka saka shi a na'urar bidiyon gidan. Fuskokin mutane sun zama 'yan murabba'ai, kogin kamar an shafa shi da tsumma. Amma ruwa ya daki cikin jirgi, agwagi suka yi kuka daga nesa. Mas Gun ya tura fim ɗin gaba har ƙarƙashin gadar. Mai fiton ya buɗe baki, allo bai yi shuɗi ba, kiran ya fito garau.

"Tsaya nan," in ji Mbah, yana ɗaga hannu. "Kada ku ɓata mini. A gida zan ji sauran, in ga wacce daga cikin ƙarairayin kakarku ce gaskiya."

Ya ce a ba shi har da wanda ya lalace, gona na bukata. Ratri ta ɗauko alƙalami za ta rubuta suna a kan mai kyaun, sai ta tsaya. Ta ajiye alƙalamin. Ta yanko igiya, ta zira wa lalataccen, ta ƙulla babban ƙulli. Mai kyaun kuma ta naɗe shi a ƙyalle mai laushi. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan kowanne.

"Mai igiya na tsuntsaye ne, Mbah. Mai ƙyalle naka ne."

Ya shafa ƙullin da yatsa. Sannan ya ce, "Haka kakarki take yi mini da kwalaben magani."

Suka kai shi tasha motar na shirin tashi. Ratri ta riƙe masa gwiwar hannu har ya taka matakala, ta faɗa wa yaron motar inda za a sauke shi. A ranar ta gane cewa kakanta ya daɗe da daina ganin fim ɗin, sauraronsa yake yi.