Jinin Badar

Mbarka na murza kuskus ɗin Juma'a sai ga ɗanta Sufyan ya faɗo gida, riga jage-jage da jini, ya nufi famfo. Ta tambaye shi inda aka sare shi. Ya ce jinin ba nasa ba ne.

"Na waye?"

"Na Badar ne, Mama."

Badar ɗan maƙwabciyarta Zuhur ne. Wata biyu Mbarka ta shayar da shi lokacin da uwarsa ke jinya.

*

Sufyan ya yi karatun walda, ya shekara uku yana zaga masana'antun Kasabalanka, kowa ya ce a bar lambar waya. Ya gwada tallar lemo a baro, hukuma ta ƙwace baron sau biyu. Daga nan ya koma jikin katanga wurin samarin unguwarsu ta Sidi Mumin, masu haɗiyar ƙwaya da soke doguwar wuƙa a ƙugu. Abin da ya haɗa shi da Badar bai wuce wanda zai riƙa gadin motoci a bakin kasuwa ba.

A ranar Juma'ar nan Sufyan ya roƙi uwarsa ta ɓoye shi a ƙauye. Ta yafa mayafi, ta kama hannunsa, ta kai shi wurin 'yan sanda da kanta, don ta san yayyen Badar ba za su bar shi ya kai magariba ba. Aka yanke masa shekara goma sha biyar a kan kisan Badar.

*

Sai bayan arba'in Mbarka ta iya taka gidan Zuhur. Ta shirya wa zagi, ba a zage ta ba. Zuhur ta zuba mata shayi, ta ce:

"'Yar'uwa, ki ɗauke autanki Ilyas daga unguwar nan. Na yi kuka, na roƙe su da Allah, yarana ba sa jin maganata."

"In kai shi ina, Zuhur?"

Mbarka ta ajiye kofin shayin, ta fita.

A hanyar gida ta hango Ilyas, autanta mai shekara goma sha biyar, zaune jikin katangar. An yi masa aski irin na samarin wurin, ana dafa kafaɗarsa ana ce masa ƙanin zaki, shi kuma sai dariya yake yi. Ta kira sunansa sau biyu. Bai waiwayo ba.