Zanen da Kyari Ya Share da Ƙafa

Kyari dillalin tumaki ne a kasuwar Babura, kuma kowa ya san bakinsa ba shi da murfi. Daga ciwon bayansa har miyar da aka yi a gidansa jiya, duk kara, wato kasuwar dabbobi, ta sani. Abu ɗaya ne ba a taɓa ji a bakinsa ba: farashin ƙarshe da mai dabba ya raɗa masa a kunne. Wannan ko wuƙa aka sa masa a wuya ba ya fita.

'Yarsa Mairam tana aiki a wani ɗakin gwajin jini a Kano. Da ta zo hutun ƙaramar salla, ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ka san injin nan da nake aiki da shi?"

"Mai shan jinin mutane? Na sani."

Ta yi dariya. "Ƙirga ƙwayoyin jini yake yi. Yana tura su ta wata siririyar hanya, ɗai-ɗai, su gifta gaban haske. Kamar yadda kuke matse tumaki a ƙofa in za a loda mota. To wani lokaci tunkiya takan shige da ɗanta manne a jikinta."

"Mai ƙirga ya ce ɗaya."

"Haka injin ke yi, sai likita ya samu lissafin da ba daidai ba. Akwai dabarun da ake bi, amma suna kuskure. Na samo wata hanya da kwamfuta za ta riƙa gane su."

Ta ɗauki tsinke ta zana masa a ƙasa: layi biyu, ɗige-ɗige a tsakani, da yadda inuwar biyu ta bambanta da ta ɗaya. Ya gane sarai, har ya ji ƙirjinsa ya cika.

"Amma Baba, don Allah kada kowa ya ji. Lauya ya ce sai an shigar da takardun mallakar ƙirƙira tukuna. In maganar ta fita fili kafin nan, ana iya hana ni, ko wani ya riga ni."

Ya ɓata fuska. "Abin da zai taimaki mara lafiya kuma a kulle shi?"

"Ba kullewa ba ne. In sunana na kai, ina da ta cewa kan wanda zai yi amfani da shi. In na wani ne, sai dai in yi kallo."

Bai gamsu duka ba, amma ya ce ya ji.

Da la'asar Kyari kan zauna a gindin wata tsamiya a bakin kara tare da Hamma, wani Bafillace abokin wasansa, wanda bai taɓa barinsa ya sha iska ba. Wata ranar kasuwa an cika, ga Musaddiƙ surukin Hamma yana ɗaukar raguna da waya, don yakan sa bidiyonsu a intanet masu saye su gani.

"Kai Babarbare," in ji Hamma, "ina likitar taku? An ce har yanzu kwalabe take wankewa a Kano."

Aka yi dariya.

"Wanke kwalba ya fi bin gindin saniya," in ji Kyari.

"Saniya dai tana ba da nono. Shekara da shekaru ana karatu, ko allura ba ta iya ba. Matata ta nuna mata ƙafarta mai ciwo, wai sai ta je asibiti!"

Kyari ya ji zafi ya hau masa har kunne. Bai san sanda ya fizge sandar Hamma ba. Ya ja layi biyu a ƙasa, ya ɗiga ɗige-ɗige.

"Bari in nuna maka abin da kanka ba zai ɗauka ba. Ka ga nan..."

Ya ɗaga kai ke nan ya ga Musaddiƙ ya bar raguna, ya juyo da wayar yana ɗaukar zanen. Mutane sun matso.

Ya tsaya da sanda a hannu. Ya tuna yadda mai dabba kan ja shi gefe, ya raɗa masa magana, ya tafi ya bar shi da ita. Ba a taɓa sa shi rantsuwa ba. Mairam ma ba ta sa shi ba, ta dai faɗa masa ta koma Kano. Dabbarta ce a hannunsa, kuma ba a sallama ba.

Ya sa ƙafa ya share zanen tas.

"Me ke nan?" in ji Hamma.

"Na manta."

Dariyar ranar har masu loda mota sun ji ta. Hamma ya ce Babarbare ya yi rubutu ya kasa karantawa. Sunan Malam Na-Manta ya bi Kyari duk damina, har a kasuwar Gwiwa wani ya kira shi da shi. Yana jin ciwo, ba wai ba ya ji ba. Wani lokaci a kan babur yakan tambayi kansa ko maganar lauyan ma gaskiya ce, ko kuwa a banza yake shan wulaƙanci. Bai sani ba. Ya dai ci gaba da yin shiru.

Bayan an yi girbi Mairam ta kira shi.

"Baba, an shigar. Ba a ba ni ba tukuna, zai ɗau lokaci, amma yanzu kana iya faɗa."

"Da ma wa zan gaya wa?" in ji shi, yana neman takalminsa.

A gindin tsamiya ya karɓi sandar Hamma, ya zana komai, ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Hamma ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ashe duk karatun nan ƙirgar tumaki ce."

"Ita ce," in ji Kyari. "Matsa da ƙafarka, kana taka mata hanya."