Sai Malam Ya Gama Bayani

Babu ɗan Adam ɗin da zai kai wa Malam naushi ya same shi. Wannan tabbataccen ilimi ne, an ma rubuta shi a allon ƙofar makarantar, ƙarƙashin hoton Malam yana tsaye da ƙafa ɗaya. Salon faɗan da yake koyarwa, Tafin Iska, ya gaje shi ne daga malaminsa, shi kuma daga wani tsoho mazaunin kan dutse. Salon yana da haɗari ƙwarai, shi ya sa ba a taɓa gwada shi a kan kowa ba sai ɗaliban makarantar.

Wanda aka fi gwadawa a kansa shi ne Mai Aski, babban ɗalibi. Da rana yana shagonsa da kilifa da almakashi, da yamma ya hau bene ya ɗaura baƙar ɗamara. Aikinsa a makarantar bai taɓa canjawa ba tun yana saurayi har furfura ta fara fito masa. Zai tako da ƙafar dama, ya kai naushi da hannun dama, ya bar hannun a miƙe. Malam zai kama wuyan hannun ya murɗe, sannan ya juya wajen ɗalibai ya fara bayani. Bayanin yakan ɗauki lokaci, domin yakan taɓo numfashi, da tafiyar damisa, da lalacewar yaran zamani. Ladabin makarantar shi ne wanda aka riƙe ba ya motsi, ba ya ƙorafi. Malam ne ke saki, kuma sai ya gama magana. Daga nan Mai Aski ya faɗi. Ya iya faɗuwa sosai, har baƙi kan tafa masa suna zaton Malam suke tafa wa.

Ana nan sai mai sayar da kujerun da ke ƙasan benen ya tashi, 'yan faɗan keji suka kama wurin. Su babu ɗamara, babu tsoho a kan dutse. Gajeren wando kawai da safar hannu, su yi naushi, su yi shuri, su yi kokawa a ƙasa, duk a haɗe, sannan su tashi suna dariya da kumburarren leɓe. Sannu a hankali wasu ɗaliban Malam suka fara gajiya da hawan bene, suna tsayawa a ƙasa.

Wata yamma Malam ya shaida wa sauran da suka rage cewa abin da ake yi a ƙasa hayaniyar kasuwa ce, kuma da yatsa biyu zai kwantar da kowane ɗayansu. Wani ɗalibi mai ƙaunar Malam ya ɗauki maganar a waya ya watsa, don duniya ta amfana.

Washegari Koci, mai horar da 'yan kejin, ya hawo. Mutum ne gajere, kunnuwansa kamar an tauna an mayar. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gaida Malam har da rusunawa.

"Baba, mun ga saƙonku. Yaran nawa suna son su ga yatsun nan biyu. Ko Asabar da la'asar ta yi muku?"

"Ɗana, kana da iyali?"

"Ina da su, Baba."

"To ka yi musu sallama mai kyau kafin ka fito."

Koci ya ce zai yi, ya sa takalminsa ya sauka.

A gida, matar Mai Aski tana ninke tawul ɗin shago ta ce, "Baban yara, na ji wai za ku yi faɗa da mutanen ƙasa."

"Malam ne zai yi. Ni ruwa kawai zan riƙe masa."

"To ka riƙe da hagu. Damar nan ita ke ciyar da mu, ba ta Malam ba ce."

"Ke ba ki san salon nan ba."

"Na san shi mana. Ni ke shafa maka man zafi."

Ranar Asabar ƙasan benen ya cika. Kejin yana tsakiya, da shimfiɗa mai warin zufa da maganin wanki. Malam ya sauko cikin fararen kaya da aka yi wa guga, ya zagaya kejin a hankali, ya ƙwanƙwasa wayar ƙarfen da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana. Sannan ya juyo ya sanar da wata ƙa'ida ta salon, tsohuwa ƙwarai, wadda saboda tsufanta babu ɗalibin da ya taɓa jin ta: baƙo ba ya taɓa malami sai ya wuce babban ɗalibi.

Mai Aski ya dubi gorar ruwan da ke hannunsa. Ya rasa wanda zai miƙa wa, sai ya ajiye a ƙasa.

Koci ya sosa abin da ya rage masa na kunne. "Baba, ai ni ba zan daki dattijon da yake yi mini aski ba." Ya waiwaya ya kira wani ma'aikacin banki mai ƙaton ciki, wanda ya fara zuwa atisaye 'yan watannin nan saboda likita ya ce ya rage ƙiba. Sannan ya matso kusa da Mai Aski ya rage murya. "Yaya, dokarmu ɗaya ce. In ka ji zafi, ka bubbuga jikinsa ko ƙasa, zai sake ka nan take. Ka ji?"

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa, da kunne. Hannunsa ne ba a yi wa bayani ba.

Aka rufe ƙofar keji. Ma'aikacin Banki ya cire tabarau ya ba wani, yana ta ba da haƙuri tun kafin a fara. Mai Aski ya rusuna masa, ya tako da ƙafar dama, ya kai naushi mai kyau, irin wanda ake ɗauka a hoto. Naushin ya tsaya kusa da hancin mutumin, inda ya saba tsayawa. Hannun ya zauna a miƙe yana jira.

Ma'aikacin Banki bai taɓa samun kyauta irin wannan ba. Ya dubi hannun, ya dubi Koci, ya kama. Suka zube ƙasa tare, ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjin Mai Aski, ya matse hannun tsakanin cinyoyinsa ya fara lanƙwasa gwiwar hannun ta bayanta, kamar yadda aka koya masa a makon jiya.

A wajen kejin Malam ya juya wa faɗan baya ya fuskanci jama'a. "Ku lura da kyau. Wannan shi ake kira tarkon damisa. Ɗalibina ya ba shi hannun ne da gangan. Yanzu numfashi yana taruwa a ƙasan cibiya."

"Kawu, ka bubbuga mana," in ji Ma'aikacin Banki, yana haki.

Mai Aski yana jin zafin har cikin haƙoransa. Hannunsa na hagu yana kwance a shimfiɗa, babu abin da ya riƙe shi. Amma an riƙe masa dama, kuma muryar Malam tana tashi, bai ma iso kan yaran zamani ba. Ya lumshe ido ya jira.

"Yaya, bubbuga," in ji Koci, yana neman sakatar ƙofa. "Kai kuma sake shi, sake shi."

Ƙarar ta riga shi. Ba babba ba ce, kamar an taka busasshen kara. Ma'aikacin Banki ya saki hannun ya ja da baya da gindi, ya fara kuka. Malam ya ƙarasa jimlarsa, sannan ya waiwayo.

Ya ce tunda an zubar da mutunci da mugunta irin wannan, ba zai ƙazantar da yatsunsa a wurin ba. Ya hau bene. Koci ne ya kai Mai Aski asibiti a motarsa. Likita ya ce gwiwar ta goce, jijiya ta yage, kuma almakashi sai bayan watanni, in an yi sa'a. Matar Mai Aski ta zo ta tsaya a bakin gado ta dubi filastar, ta dube shi, kallon da ya fi masa zafi a kan gwiwar.

Bayan mako biyu yana zaune a shago, hannu rataye a wuya, yana kallon mutanensa suna ɗaga masa hannu suna shigewa shagon askin da ke tsallaken titi, sai ga Malam. Ya zauna a kujerar aski ya dubi kansa a madubi.

"Na yi nazarin abin da ya faru," in ji shi. "Numfashinka ne ya tsaya a ƙirji. Da ka saukar da shi ƙasa, da ƙafafun yaron nan ne suka karye. Amma na yafe maka. Rage mini gefe da gefe, gobe za a ɗauke ni sabon hoto."

Mai Aski ya dubi kilifa, ya dubi filasta. Ya fita bakin ƙofa ya yafito mai askin tsallake, wanda ya zo da kayansa yana murmushin da bai ɓoye ba. Aka yi wa Malam aski, aka gyara masa gemu, aka fesa masa turare. Ya juya kai dama da hagu, ya ce hannun wannan ma ba laifi, ya sa albarka ya fita.

Mai askin tsallake ya tsaya yana kaɗe tawul, ba ya gaggawar tafiya. Mai Aski ya jawo aljihun tebur da hagu, ya laluba, ya miƙa masa kuɗin askin.